Alƙalami na 13: Ɗan Gadin da Ke Bayan Gwangwanin Madara

Kafin ku ci gaba da karatu, ku miƙa hannu ku ɗauko wani abu da aka sayo a kanti: gwangwanin madara, kwalin ganyen shayi, ledar biskit ko robar man shafawa. Ku juya bayansa. Za ku ga wasu baƙaƙen layuka a tsaitsaye, wasu sirara wasu masu kauri, da jerin alƙaluma a ƙarƙashinsu. Ku ƙirga alƙaluman. Yawanci za ku same su 13. Wannan zanen shi ake kira bakod.

Mai shago a kasuwar Tudun Wada bai damu da shi ba. Farashin kayansa a kansa yake, in kuma ya manta sai ya tambayi yaronsa. Amma a manyan kantunan zamani, irin waɗanda ake tura keke ana zaɓar kaya, kashiya ba ta haddace farashin komai ba. Haske take haska wa zanen, na'ura ta yi ƙara, sunan kaya da kuɗinsa su fito a kwamfuta. Wannan ya sa duk mai ƙaramar sana'a da ke son kayansa su shiga irin waɗannan kantuna, ko mai yaji ce, ko mai garin kunu, ko mai dambun nama, sai ta nemi bakod. Inda ake buga mata shi kuwa ba nisa: shagunan kwamfuta ne da ɗab'i irin waɗanda suka cika hanyar Kongo, inda wasu daga cikinku ke koyon aiki in an yi hutu. Saboda haka ba labarin wasu can muke ba ku ba. Wataƙila wata rana kai ne za a ajiye wa kuɗin sitika dubu a kan tebur.

Daga yashin bakin teku

Wani Ba'amurke ne mai suna Norman Joseph Woodland da abokinsa Bernard Silver suka fara tunanin abin. Woodland ya iya saƙon Morse tun yana ɗan sikawut, wato tsarin nan na ɗigo da ja-layi da ake aika saƙon tangaraho da shi. Wata rana yana zaune a bakin teku a Miami, sai ya sa yatsunsa a yashi ya ja su, ya ga ai in an ja ɗigo ƙasa ya zama siririn layi, in an ja ja-layi ya zama mai kauri. Sun nemi rajistar wannan fasaha a 1949, aka ba su a 1952. Sai dai a lokacin babu na'ura mai araha da za ta karanta zanen, don haka abin ya kwanta shekara da shekaru.

Siffar da muka sani yau George Laurer ne na kamfanin IBM ya tsara ta, masu kantunan Amurka suka amince da ita a 1973. Ranar 26 ga Yuni, 1974, a wani kanti mai suna Marsh a garin Troy na jihar Ohio, aka fara sayar da kaya ta hanyar haska irin wannan bakod. Kayan kuwa cingam ne na kamfanin Wrigley. Tsarin Amurka alƙaluma 12 ne, ana ce masa UPC. Ƙasashen Turai suka ƙara alƙalami ɗaya a gaba don a bambanta ƙasashe, suka kafa ƙungiyarsu a 1977, tsarinsu shi ne EAN-13. Daga baya ɓangarorin biyu suka haɗe, tun 2005 ake kiran ƙungiyar GS1. Tana da reshe a Nijeriya, ofishinsa yana Legas.

Me alƙaluman ke cewa?

Abin farko da ya kamata ku cire daga ranku shi ne cewa farashi yana cikin zanen. Babu shi. Babu sunan kaya, babu ranar lalacewa. Lamba ce kawai, kamar lambar jarrabawarku. Lambar jarrabawa ba ta ɗauke da sakamako, amma da ita ake nemo shi. Haka kwamfutar kanti take karɓar lambar ta duba rumbun bayananta, ta fito da suna da farashin da mai kanti ya rubuta. Shi ya sa madara ɗaya, mai bakod ɗaya, za ta iya zama da farashi daban a Zariya da Kaduna.

Alƙaluma uku na farko suna nuna reshen GS1 da ya ba da lambar. Na Nijeriya 615 ne. Gana 603, Kenya 616, Indiya 890, Sin kuwa daga 690 zuwa 699. A nan mutane da yawa ke yin kuskure, har a riƙa yaɗa saƙo a WhatsApp cewa da waɗannan alƙaluma ake gane ƙasar da aka yi kaya. Ba haka ba ne. Suna nuna inda kamfani ya yi rajista ne kawai. Ɗan kasuwar Kano zai iya yin rajista a Legas, ya ba wata masana'anta a Sin aikin yi masa kaya, su iso da 615 a jikinsu.

Bayan waɗannan sai lambar kamfani, wadda GS1 ke bayarwa in an yi rajista an biya kuɗi. Sai lambar kaya, wadda kamfanin ke zaɓa da kansa. Kowane girma da kowane iri da tasa lambar: ƙaramar robar yaji daban, babba daban. Duka waɗannan su ne alƙaluma 12 na farko. Na 13 ba wanda ke zaɓarsa. Lissafi ne ke fitar da shi, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Ku duba bayan littafinku ma. Zai fara da 978 ko 979, alamar cewa littafi ne. Abin sha'awa, lambar da aka ware wa Nijeriya a tsarin littattafai ita ma 978 ce, don haka littafin da aka yi wa rajista a nan za ku ga ya fara da 978 sau biyu a jere. Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke ba mawallafa waɗannan lambobi.

Ku ɗauko biro

Ga lamba da muka ƙirƙira don misali kawai: 615123456789. Alƙaluma 12 ne. Muna so mu san na 13.

Ku fara daga hagu, ku ɗauki na ɗaya, ku tsallake ɗaya, ku ɗauki na uku, haka har ƙarshe. Za ku sami 6, 5, 2, 4, 6, 8. In an tara su, 31 ke nan. Yanzu ku koma kan waɗanda kuka tsallake: 1, 1, 3, 5, 7, 9. Jimlarsu 26. Wannan jimla ta biyu ita ake ninkawa sau uku, ta zama 78. Ku haɗa 31 da 78, ku sami 109. Tambayar ƙarshe: nawa ya rage 109 ta cika goma ta gaba, wato 110? Saura 1. To alƙalami na 13 shi ne 1, cikakkiyar lambar kuma ita ce 6151234567891. In da jimlar ta faɗa daidai kan goma, kamar 110 ko 120, da alƙalamin ya zama 0.

Ana kiransa alƙalamin tantancewa. Mu dai ɗan gadi muke ce masa, don aikinsa ke nan. Duk lokacin da na'ura ta karanta bakod, sai ta sake yin wannan lissafi a cikin ƙiftawar ido, ta gwada amsarta da alƙalamin ƙarshe. In sun dace ta yi ƙara. In ba su dace ba ta yi shiru, kashiya ta sake haskawa.

Mu gwada shi. A ce sitika ta goge, kashiya tana shigar da lambar da hannu, sai ta danna 7 a maimakon 4. Jimlar farko ta tashi daga 31 zuwa 34, duka ya zama 112, abin da ya rage a cika 120 shi ne 8. Amma a ƙarshen lambar 1 aka rubuta. An kama kuskure. A ce kuma yatsanta ya yi sauri, ta rubuta 3 kafin 2 a maimakon 2 kafin 3. Jimlar farko ta zama 32, ta biyu 25, sau uku 75, duka 107, saura 3. Nan ma an kama.

Me ya sa sau uku, ba sau biyu ba? Wannan tambaya ce da ya kamata ɗan aji huɗu ya iya amsawa da kansa. Da ba a ninka komai ba, musanya alƙaluma biyu ba za ta canza jimla ba, tunda 2 a tara da 3 daidai yake da 3 a tara da 2. Dole ke nan a bambanta nauyin maƙwabta. To ku rubuta jadawalin sau uku: 3, 6, 9, 12, 15, 18, 21, 24, 27. Ku dubi alƙalamin ƙarshe na kowace: 3, 6, 9, 2, 5, 8, 1, 4, 7. Babu wanda ya maimaitu. Ma'ana, duk alƙalamin da aka canza, dole ƙarshen jimla ya canza. Ku gwada da sau biyu: 1 sau biyu 2 ne, 6 sau biyu 12 ne, duk sun ƙare da 2. Wanda ya rubuta 6 a maimakon 1 zai wuce ba a gan shi ba. Wannan ne ya sa tsarin yake kama duk kuskuren alƙalami guda, ba ya barin ko ɗaya.

Amma ɗan gadin yana da inda yake gyangyaɗi. Ku musanya alƙaluma biyu na farkon lambarmu, 6 da 1 su zama 1 da 6. Jimlar farko ta koma 26, ta biyu 31, sau uku 93, duka 119, saura 1. Amsa ɗaya da ta asali! Duk maƙwabtan da tazararsu 5 ce, kamar 0 da 5, 2 da 7, 4 da 9, in an musanya su jimla takan motsa da 10 cif, alƙalamin ƙarshe bai ji ba bai gani ba. Waɗanda suka tsara abin sun san da haka. Sun zaɓi lissafi mai sauƙi da ke kama mafi yawan kurakurai.

Ba a kan kaya kaɗai yake aiki ba. Alƙalami na goma a lambar asusunku na banki na tantancewa ne. Haka na ƙarshe a doguwar lambar katin cirar kuɗi, wanda ake fitarwa da wani lissafi na Hans Peter Luhn, shi ma ma'aikacin IBM.

Abin da manhaja ke yi

Mai tsara sitika ba ya zana layukan da hannu. Akwai manhajoji na musamman irin su BarTender da ZebraDesigner, CorelDRAW da kusan kowane shagon ɗab'i ke amfani da ita ma tana da sashen yin bakod. Za ka zaɓi irin tsarin da kake so, ka shigar da alƙaluma 12, manhaja ta lissafa na 13, ta mayar da duka zuwa layuka.

Zanen yana da gurabe 95 masu faɗi ɗaya, kowane gurbi ko baƙi ne ko fari. Uku a farko, biyar a tsakiya, uku a ƙarshe, su ne dogayen layukan nan da suka ɗan zarce sauran zuwa ƙasa. Suna nuna wa na'ura mafari da tsakiya da maƙura. Kowane alƙalami yana cin gurabe bakwai, a cikinsu baƙin layi biyu da farin fili biyu. Shida a hagu, shida a dama. In kun ƙirga baƙaƙen layukan za ku same su 30.

Wanda ke bin lissafin zai ce, shida da shida ai 12 ne, ina na 13? Madalla. Alƙalamin farko, wanda ke tsaye shi kaɗai a waje ta hagu, ba shi da layukan kansa. Kowane alƙalami na ɓangaren hagu yana da salon rubutu iri biyu, yadda aka cakuɗa salon guda shidan shi ke faɗa wa na'ura alƙalamin farko. Ga kayan da suka fara da 6, irin namu, na farko salo na ɗaya ne, uku na biye salo na biyu, biyun ƙarshe su koma salo na ɗaya. Dabara ce da aka yi don a ƙara alƙalami ba tare da an canza zanen Amurka ba. Bambancin rubutun hagu da na dama kuma shi ke sa na'ura ta gane ko an miƙo mata kaya a kife.

Inda sitika dubu ke zama shara

Kuskuren da ya fi ba mu tsoro ba a manhajar zane yake faruwa ba, kafin a iso gare ta ne. Mai kaya iri ashirin yakan jera lambobinsa a Excel, a tura wa manhajar sitika ta buga su gaba ɗaya. Ita kuwa Excel in ta ga alƙaluma sai ta ɗauka kuɗi ne ko adadi. In lamba ta fara da 0, sai ta share shi, don a lissafi 07 da 7 duk ɗaya ne. In lamba ta kai alƙaluma 12, sai ta taƙaita ta, 615123456789 ta bayyana a matsayin 6.15123E+11. In aka adana fayil ɗin a tsarin CSV a haka, aka sake buɗewa, abin da za a tarar shi ne 615123000000. Alƙaluma shida sun tafi.

To ga inda gizo ke saƙar. Manhajar sitika za ta karɓi wannan gurguwar lamba, ta ƙirga ta ga 12 ce, ta lissafa mata alƙalamin tantancewa, wanda zai fito 2, ta zana bakod mai kyau tsaf. Na'ura za ta karanta shi ta yi ƙara. Amma ba lambar mai kaya ba ce. Ƙari a kan haka, duk kayansa ashirin da suka fara da alƙaluma iri ɗaya za su fito da bakod guda. Ɗan gadi yana tsaron abin da aka damƙa masa ne, bai san abin da ya ɓace a hanya ba. Da a ce cikakkun alƙaluma 13 aka ajiye tun farko, da lalatacciyar lambar ta ƙare da 0 alhali lissafi na neman 2, manhaja mai dubawa ta ƙi karɓa. Shawararmu ke nan: ku ajiye lamba da ɗan gadinta, kuma ku sa Excel ta ɗauki layin a matsayin rubutu tun kafin ku shigar da komai.

Sai kuskuren ado. Mai tsarawa yana son sitika ta yi kyau, sai ya matso da hoton barkono har jikin layukan. Alhali farin filin da ke gefe da gefe ɓangare ne na bakod: ana buƙatar faɗin gurabe 11 a hagu, 7 a dama. 'Yar alamar nan mai kama da kan kibiya da kuke gani a dama a wasu kaya, filin take karewa. Wani kuma sai ya rina layukan ja don su dace da launin yaji. Hasken yawancin na'urorin ja ne, jan layi a kan farar takarda kuwa a ƙarƙashin jan haske ɓacewa yake yi. Baƙi a kan fari shi ne mafi aminci. Shuɗi mai duhu ma yana yi. Girma shi ma da ƙa'ida. Asalin faɗin zanen da filayensa ya ɗan haura milimita 37, an yarda a rage shi zuwa kashi 80 cikin ɗari ko a ninka shi biyu. In an matse shi fiye da haka, tawada takan malala ta cike fararen filayen. A kan siririyar kwalba kuma gara a kwantar da layukan kamar matakan tsani, don kada lanƙwasar kwalbar ta ɓoye gefunan.

Akwai kuma wanda ba kuskure ba ne, ganganci ne. Mai kaya ta ce a sa mata bakod, yaron shago ya shiga intanet ya kwafo hoton wani, ko ya ƙirƙiri alƙaluma 12 daga kansa. Manhaja ba za ta hana shi ba, ba ta san wa ya yi rajista ba. Ranar da aka kai kayan kanti, a haska robar yaji sunan wani sabulu ya fito, ko a tarar lambar ta wani kamfani ce. Kuɗin sitika ya tafi, mai kanti kuma ya dawo da kaya. Wanda kayansa ba za su bar shagonsa ba yana da halastacciyar hanya: lambobin da suka fara daga 20 zuwa 29 an ware su don amfanin cikin gida, su ne manyan kantuna ke liƙa wa nama da kayan da ake aunawa. Wanda zai kai kaya kantunan wasu kuwa sai ya yi rajista.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya shafi lafiyarku. Muna jin wasu na cewa sun haska magani da waya, bakod ya karantu, don haka na gaske ne. A'a. Duk mai firinta zai iya kwafe bakod, ɗan gadin da komai. Lambar rajistar NAFDAC daban take da bakod. Daban kuma da lambar nan da ake kankarewa a jikin wasu magunguna, kamar na zazzaɓin cizon sauro, a aika ta saƙon tes, tsarin da hukumar ta fara a 2010. Ita wannan kowane kwali da tasa, shi ya sa ta fi wuyar kwafewa. Bakod kuwa iri ɗaya ne a kan kwali miliyan.

Zanen murabba'i mai ɗigo-ɗigo da ake kira QR, wanda kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro a 1994, yana ɗaukar bayani fiye da layuka nesa ba kusa ba, har da ranar lalacewa da lambar rukunin da aka yi kaya. GS1 tana son zuwa ƙarshen 2027 kantuna su iya karanta irin waɗannan zane-zane a wurin biyan kuɗi. Amma lambar kaya da ke cikinsu ita ce dai wannan da muka lissafa, da alƙalaminta na ƙarshe.

In an ba ku aikin sitika a wannan hutun, ku buga guda ɗaya tak tukuna. Ku haska ta da waya, ku gwada alƙaluman da suka fito da na takardar rajistar mai kaya, ɗaya bayan ɗaya. In da hali a kai ta kanti a gwada da na'urarsu, sannan a buga sauran.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Ku nemo alƙalamin tantancewa na 615000111222. Sannan ku rufe alƙalamin ƙarshe na abin da kuka ɗauko ɗazu da babban yatsa, ku yi lissafin, ku ɗaga yatsan ku gani.